Akuyar da Ta Tankaɗe Jinina

Jiya na ɗan kishingiɗa bayan azahar, sai ga wani mafarki ya yi awon gaba da ni.

Ni dai tun ina yaro nake suma. In na daɗe a tsaye ko na ga jini, sai in yanke jiki in faɗi. Kwanan nan likita ya ɗibi jinina zai auna wani sinadari, wai shi adinosin. Ya ce in ya yi yawa yakan rage wa zuciya gudu.

To, a mafarkin sai na ga ɗakin gwajin ya koma tsakar gidanmu na da, gindin bishiyar lemo. Ruwan sama na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa, mata sun kife robobi a kan igiyar shanya suna tara. Wata akuya cikin farar riga tana zaune a kan turmi, tana taunar auduga.

"Malam Nomau, miƙo hannu," in ji ta.

Da ludayi ta kwashi jinin, ta zuba a rariya ta hau tankaɗe. Wani abu kamar tsaki ya taru a sama.

"Ka ga adinosin ɗinka nan. Kai, ya yi yawa! In na zubar, kai da suma har abada."

Na ce alhamdu lillahi, a zubar.

Sai ga ni a filin makarantar firamare, rana ta take. Sandar tuta ce ta fara suma, ni na bi bayanta.

Warin albasa na fara ji. Iya Tasalla ce, kakata, wadda ta rasu tun kafin in yi aure. Ta ɗora kaina a cinyarta, tana cusa mini albasa a hanci, tana fifita ni da faifai, yadda ta saba.

"Tashi, ragon miji! Ni na taɓa ganin ango irin wannan? Kullum a ƙasa kamar tabarma."

Wallahi na yi kewar muryar nan. Sai a lokacin na lura, tun rasuwarta ba na jin ta sai in na suma, daf da farfaɗowa.

Akuyar ta leƙo daga cikin randa, rariya a hannu.

"In zubar?"

Iya ta harare ta. "In ya daina faɗuwa, wa zan riƙa tayarwa?"

"Mayar mini da abina!" na ce.

"Ai ka riga ka ce a zubar," in ji akuyar. Ta kife rariyar, tsakin ya bi ruwa ya yi sama. Faifan ya tsaya. Cinyar da kaina ke kai ta zama matashi.

Ƙarar jarkokin mai ruwa ce ta tashe ni. Ban buɗe ido ba, na yi lamo, ko wani zai ce mini rago.

Sai matata ta ɗaga labule. "Baban Ummi, an kira daga asibiti. Wai sakamako ya fito, kuma ka kwantar da hankalinka, akwai magani."