Igiyar Siddiƙa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma ba na son a san da ni. Siddiƙa ce ta matsa.

Siddiƙa ƙanwata ce, tana sakandare a Ƙaraye. Da hunturu ya kama, malaminsu na kimiyya ya sa su cikin wani bincike tare da ɗaliban wata ƙasa mai sanyi. Su can tafkinsu daskarewa yake yi, su taka kansa, su huda ƙanƙara su auna kaurinta. Na ga hoton a waya, na zaci gishiri aka shanya. Namu kuwa sanyin ruwan dam suke aunawa kullum da sassafe, a tura can a kwatanta. Kowa da gefen da aka ba shi, wanda ya yi fashi a ba wani wurinsa.

Baba ya ce ba ta zuwa bakin ruwa ita kaɗai, sai aka haɗa ta da ni. Nawa riƙe igiyar da aka ɗaura wa ma'aunin. Masunta su gaishe mu, ita ta amsa, ni in sunkuya.

Ana haka zazzaɓi da tari suka kwantar da ita.

"An gama," in ji Baba. "Masu ƙanƙara su auna abarsu."

Siddiƙa ta kama bakin zanena. "Yaya Mas'uda, kin iya fa. Ki jefa, ki ɗan jira, ki duba inda jan layin ya tsaya."

"Wa zai gaya wa Baba?"

"Bakinki haya kika ba da shi?"

A gidanmu magana ta wajen Inna take bi kafin ta kai gare shi. Inna ta ce wannan karon ba ruwanta.

Bayan la'asar na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, na sake gaishe shi.

"Gaisuwar ta isa, Mas'uda. Mene ne?"

"Baba, ni zan auna mata har ta warke."

Ya ɗago. "Ke? To wa zai raka 'yar rakiya?"

"Kai, Baba."

Ya daɗe yana murza gyaɗa a tafinsa. "In na ji tari ɗaya a bakinki, igiyar nan akuya zan ɗaure da ita."

Washegari bayan asuba na sa rigar sanyin Siddiƙa, na hau bayan babur ɗin Baba. A bakin dam ya tsaya nesa, hannu cikin aljihu. Na shiga ruwa har ƙwauri, ruwan kamar yana cizo, na jefa igiyar na jira.

Malam Barau masunci ya leƙo daga kwalekwalensa. "Yau ina mai surutun?"

"Tana kwance, Malam. Ina kwana?"

Na jawo ma'aunin, na karanta lambar da ƙarfi don Baba ya taya ni riƙewa har gida.