Majayin Gajera

Ni dai a barga nake karatu, don a cikin gida Yaya ba ya barina in sakata in wala. Da ya gan ni da littafi sai ya ce, "Malama Tabarau, yau kuma wa ya mutu a shafi na nawa?" Shi ya sa nake hawa kan damin harawa, kusa da turken Gajera, goɗiyar Abbanmu.

Ranar da abokan Yaya uku suka zo, ya ce zai nuna musu yadda ake hawa. Baba mai barga ya ɗauko sirdi, Yaya ya fizge.

"Kawo nan, tsoho. Hannunka rawa yake yi."

Ya ɗora sirdin, ya ja majayi, ɗamarar nan da ke riƙe shi ta ƙarƙashin ciki, ya ɗaure.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "ta kumbura ciki. Haka take yi kullum. Ja ta taku biyar ta saki numfashi, sannan ka sake ɗaurewa."

"Ku ji malamin dawaki! Rabonka da hawa ai tun kafin a haifi Abba."

Abokan suka kwashe da dariya. Yaya ya haye, ya zuba mata ƙaimi ba gaira ba dalili. A kwanar shinge sirdin ya zame gefe, Yaya ya faɗo tim kamar buhun dusa. Gajera ta tsaya cak, sirdi na reto a ƙarƙashinta, ta ɗage ƙafa ɗaya don kada ta taka shi. Da idona na gani.

Ƙashin kafaɗarsa ne ya karye. Washegari Abba ya tara mu a bakin barga, Yaya da hannu rataye a wuya.

"Mugunta ce kawai, Abba. Tutsu ta yi, ta kayar da ni, har ta nemi tattake ni."

Abba ya dubi Baba mai barga. Baba ya dubi ɗakin da yake zaune da matarsa mara lafiya a bayan barga, sannan ya dubi ƙasa.

"Dabba ce, ranka ya daɗe. Ba a shaidarta."

Sai Abba ya juyo gare ni. "Auta, an ce kina wurin. In laifin yayanki ne, faɗa min, goɗiya ta zauna. In nata ne, yau za ta bar gidan nan."

Maganar tana bakina, har na shirya ta tun jiya: majayi ne bai sake ɗaurewa ba. Amma Yaya yana kallona yana murmushi, irin wanda yake yi kafin ya murɗe min kunne.

"Karatu nake yi, Abba. Ban gani ba."

Yaya ya roƙi alfarma ɗaya, Abba ya ba shi. Yaya ya sa Baba ya riƙe ragama, shi kuma ya ɗauki bulala da hannunsa mai lafiya. A fuska ya fi dukanta. Baba yana riƙe, yana cewa, "Yi haƙuri, uwata, yi haƙuri," can ƙasa-ƙasa. Sai da hannun Yaya ya gaji.

Da rana masu sayen dawakin yanka suka zo da babbar mota. Da aka zo wucewa da ita, Gajera ta miƙo hanci wajen aljihuna, inda nake ɓoye mata sukari. Idonta ɗaya ya kumbura ya rufe. Na ja da baya.

Bayan kwana biyu Yaya ya leƙo ɗakina, ya jefo min sabon littafi, mai kauri, irin wanda na daɗe ina so.

"Ungo, Malama Tabarau. Ci gaba da karatu, yana yi miki kyau."

Na so in jefa shi a shara. Na karanta shi har ƙarshe.