Ranar da Sifana Bai Zage Ni Ba

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa motar asibiti, ban taɓa goga ta da ko bangon gareji ba, sai ga takarda daga hedkwata wai duk direban da bai ci jarrabawar ceton rai ba a karɓe makullin hannunsa. Sau uku ake ba mutum dama. In ya faɗi ta uku, sai a miƙa masa tiyo da soso, ya koma wankin motoci har Allah Ya kawo ritaya. Ni kuwa na riga na faɗi biyu.

Motata Lamba Bakwai ce. A takarda motoci goma sha ɗaya gare mu. A ƙasa kuwa shida ke tashi, uku suna kan duwatsu, biyu kuma kuliyoyi sun mai da su ɗakin haihuwa. Bakwai ba sabuwa ba ce, jiniyarta ma sai ka mari dashbod take kuka, amma ni na san halinta ita ma ta san nawa. Tumbi, direban Lamba Uku da ke kan duwatsu tun bara, kullum da safe sai ya zagaya Bakwai yana shafa madubi. Da ya ji na faɗi ta biyu har gaisuwa ya zo yi min, fuskarsa fal annuri, munafukin Allah.

Mai koyar da mu wata mata ce 'yar gajeruwa, tsohuwar ma'aikaciyar agaji. A gabanta Malama muke ce mata, a bayanta Jiniya, don in ta buɗe baki har masu shaguna na tsallaken titi sai sun leƙo. Ranar farko na ce mata, "Malama, ni fa aikina gaba ne. Abin da ke baya naku ne."

Ta ce, "Baba Direba, ranar da abokin aikinka ya gaji da danna ƙirji, sitiyari ne zai karɓe shi?"

Ta taɓo inda ke min ciwo. A shekarun nan na sha jin baya ya yi tsit ina tsakiyar gudu. Sai in kashe jiniya, in rage wuta, in ƙi kallon madubi. Ban taɓa ɗora hannuna a kan ko ɗaya daga cikin marasa lafiyar da nake ɗauka ba, kuma gaskiyar magana tsoro nake ji.

Ga yadda jarrabawar take. Ana samun mutum mai rai ya yanke jiki ya faɗi da gangan. Kai kuma ka zo ka duba ko wurin da haɗari, ka dafa kafaɗarsa ka kira shi, ka sa a kira agaji, sannan ka kai kunnenka bakinsa kana kallon ƙirjinsa, ka saurari numfashi na daƙiƙa goma. Daga nan sai ka ce, "Ba ya numfashi," shi kuma ya tashi ya kakkaɓe wando, a jawo maka mutum-mutumin roba ka yi ta danna ƙirjinsa minti biyu, har wata 'yar fitila ta kawo kore. Marigayi muke ce wa mutum-mutumin, don ya mutu ya fi sau dubu a garejin nan kuma bai taɓa ƙorafi ba. Doka ɗaya ce ba ta da roƙo: duk wanda ya danna ƙirjin mai ran, ya faɗi nan take. An ce a wani gareji wani mai zafin nama ya taɓa karya wa mai wasan ƙashi.

Mai faɗuwar a wurinmu kullum Sifana ne, bakaniken gareji. Tare aka ɗauke mu aiki, kuma tun ranar ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi. Ba wanda ya tilasta masa wannan wasan, so yake yi. Ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya kira sunan uwar 'ya'yansa, sannan ya zube. Amma muguntarsa tana cikin daƙiƙa goman nan. Da zarar ka kai kunne bakinsa, sai ya raɗa maka abin da ba wanda zai ji sai kai. Duk garejin an san wannan, ban da Malama da mutanen hedkwata.

A jarrabawata ta farko, ina kai kunne ya ce, "Direba, na leƙa kunnenka, akwai wurin ajiye mota biyu." Na tuntsire da dariya a kan gawa. Aka ce na faɗi.

A ta biyu na cije, ya zagi tuƙina, ya zagi sanƙona, na haɗiye. Aka jawo Marigayi, na yi ta dannawa fitila ta ƙi kawo kore. Malama tana kaina tana ihu. "Baba Direba, tausa kake masa? Danna! Ba zai kai ƙararka ba!" Ni kuwa da na ji ƙirjin robar ya fara lotsawa sai hannuna ya ja da baya da kansa. Aka sake cewa na faɗi.

Sati uku na yi ina gwaji a kan matashin kujerar falo, ina ƙirga talatin talatin da ƙarfi. Maiɗakina ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ta ce, "Malam, kujerar nan ai ta farfaɗo, ka ƙyale ta haka." Na je wurin Sifana kuma na roƙe shi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Don girman Allah, wannan karon ka rufe min baki."

Yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya ce, "Ni? Ai zagin da na tanadar maka na wannan karon, sati biyu na yi ina gyara shi. Sai ka yi fitsari a wando."

Ranar ta zo. Da hantsi aka taru a filin gareji, kusa da Bakwai. Hedkwata ta turo wani siririn mutum mai agogon awo a wuya da biro uku a aljihu, wanda ko gaisuwa sai ya duba takarda kafin ya amsa. Mai Biro muka sa masa kafin ya zauna. Tumbi ya jawo benci gaba-gaba. Sifana tun safe yana ƙarƙashin Bakwai yana canja birki, da ya gama ya fito sharkaf da gumi yana murza hannunsa na hagu, ya ce ƙwannafi ya dame shi. Na ce masa haɗama ce.

Malama ba ta ma kai ga busa usur ba, Sifana ya zube. Babu tangaɗi, babu kiran uwar 'ya'ya. Ya tafi gaba ɗaya, kafaɗarsa ta bugi tayar Bakwai, sifanar hannunsa ta yi tsalle a kan siminti. Wuri ya ɗauki tafi. Tumbi ya ce, "Kai! Yau Sifana ya ƙure maleji!" Mai Biro ya danna agogonsa ya yi min alama da haɓa.

Na bi matakan kamar yadda na haddace. Na duba hagu da dama. Na durƙusa na dafa kafaɗarsa. "Bawan Allah, kana ji na?" Na nuna Tumbi na ce ya kira agaji, ya ɗaga tafin hannu a kunne yana wasan waya, ana dariya. Sannan na cije leɓe, na tattara duk wani abin baƙin ciki da na sani a duniya don kada in yi dariya, na kai kunnena bakinsa.

Ɗaya, biyu, uku. Ina jiran zagin. Huɗu, biyar. Shiru. Na ce a raina, ɗan banza, so yake in saki jiki. Shida, bakwai. Ya ja wani irin minshari guda ɗaya, mai kama da na tsohon famfo, aka sake fashewa da dariya a benci. Malama ta taɓa gaya mana wannan jan ba numfashi ba ne. Takwas, tara, goma. Ƙirjinsa bai motsa ba. Na ƙara biyar daga aljihuna. Mutumin da ya yi sati biyu yana gyara zagi ba zai bar kunnena ya zo har bakinsa ya tafi haka nan ba.

Na raɗa masa, "Sifana, zage ni mana."

Bai ce komai ba. Leɓensa ya yi fari-fari kamar ya lashi toka.

Na ɗago na ce, "Ba ya numfashi."

Mai Biro ya yi maki a takarda ya ce, "Madalla. A kawo mutum-mutumin."

Na ce, "Da gaske nake, ba ya numfashi!"

"Eh, haka ake faɗa. Mai wasa ya tashi."

Wallahi na ga Bakwai a gefen idona, fes da ita, ni na wanke ta da safe. Na ga tiyo a nannaɗe jikin famfo. Na san dokar sarai. Na haɗa hannuwana na ɗora a tsakiyar ƙirjin Sifana na danna da duk nauyina.

Mai Biro ya miƙe tsaye. "Ya faɗi! Ya taɓa mai rai! Ku janye shi!" Tumbi ya riƙo rigata ta baya yana cewa, "Baba, ka haukace? Za ka kashe shi!" Na yi masa wata ashar da ban san na iya ba. A dannawa ta shida na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin hannuna. Hannuna ya so ja da baya kamar yadda ya saba. Na hana shi. Mai ran da aka karya wa haƙarƙari ai da ya tashi ya shaƙe ni, wannan kuwa ko gira bai ɗaga ba.

Malama ce ta ture Tumbi. Ta durƙusa, ta sa yatsu biyu a wuyan Sifana, ta dubi fuskarsa. A ranar na ji ainihin dalilin da ya sa muke ce mata Jiniya. "Na'urar shokin! Ta cikin mota, ba ta koyo ba! Ku buɗe Bakwai! Baba Direba, kar ka tsaya, haka, haka, kar ka tsaya!"

Aka yage rigar aikinsa, aka manna masa wayoyi. Na'urar ta ce a matsa, muka matsa, jikinsa ya zabura. Malama ta ce in ci gaba. Na ci gaba, gumi na ɗiga daga sanƙon da yake zagi zuwa kan ƙirjinsa. Ban san minti nawa aka yi ba. Can sai ta riƙe hannuna ta ce, "Tsaya. Akwai bugu." Aka ɗora shi a gado aka tura cikin Bakwai, ita da ma'aikatan agaji biyu suka shiga baya.

Na nufi ƙofar direba, na laluba makulli, ya faɗi ƙasa. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na gane yau ba zan iya tuƙi ba. Na dubi Tumbi. Na miƙa masa makullin da kaina na ce, "Mari dashbod, jiniyar za ta tashi. Giya ta biyu tana da gardama." Ina tsaye Bakwai ta fita daga gareji da wani a kujerata, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya da nake tuƙa ta.

Mai Biro yana ta juya takardarsa gaba da baya, biro ɗaya a baki. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, ni dai babu gurbin wannan a fom. Taɓawar da ka yi, zan ce ban gani da kyau ba. Amma sashe na biyu babu komai a ciki. Minti biyu a kan mutum-mutumi, sai fitila ta kawo kore. In babu wannan ba zan sa hannu ba."

Na dube shi. Da ina da sauran ƙarfi da na gwada masa sashe na biyun a nasa ƙirjin. Aka jawo Marigayi aka shimfiɗa shi daidai inda Sifana ya kwanta, kusa da sifanar da ba wanda ya ɗauke. Na durƙusa. Dannawar farko fitila ta kawo kore, kuma ba ta ɗauke ba. Yanzu na san zurfin da ake nufi, hannuna ya ji shi a jikin mutum. Na yi minti biyun ina kuka wiwi, ƙato da ni, hawaye da majina a kan fuskar roba, don ban sani ba ko bayan Bakwai ya yi tsit a hanya.

Mai Biro ya danna agogo ya sa hannu. Ko kallon takardar ban yi ba. Na zauna a ƙasa na jingina da famfo, kusa da tiyon.

Sai bayan azahar matar da ke ɗakin rediyo ta leƙo ta taga. "Baba Direba! Malama ce daga asibiti. Ta ce ya farka."

Na ce, "Ya yi magana?"

"Ya yi. Haƙarƙari uku ka karya masa." Ta tsaya tana dariya tana share ido da gefen ɗankwali. "Ya ce a gaya maka wai hannunka da tuƙinka duk ɗaya ne, ba ka san birki ba. Kuma wai wannan ba shi ne wanda ya tanadar maka ba. Wancan sai ka kawo kunnenka da kanka."

Na tashi na ɗauki sifanarsa na goge ta da rigata. Na wanke fuska a famfo, na wanke kunnuwan ma duka biyu, na fita bakin titi neman motar haya.