Bokitan Tumatirin Baba Kafinta

"Ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya ko na sama?" Baba Kafinta ya tambaye ni daga kwance, yana jujjuya ganyen da na tsinko masa.

"Na ƙasa, Baba. Yanzu kuma duk bokiti shidan sun langaɓe."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Saura mako guda ciwon ƙirji ya kwantar da shi ya dasa tumatir a tsofaffin bokitan fenti, ya jera su a bakin rumfar da yake aikin katako. Da ya ga fita ta gagara, sai ya damƙa mini su. Ni kuma da shegen bakina na ce masa kafin ya miƙe zai tarar sun yi fure.

Wallahi na sha wuya. Na bi bayan ganye ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙwari, ko ɗaya ban gani ba. Na ja bokitan inuwa, na mai da su rana. Maigidana ya ce rashin taki ne, na zuba. Mai sayar da iri ya ce cuta ce, na yi feshi har ina tari. Su kuwa sai ƙara lalacewa suke yi kamar da gayya. Haushi ya ishe ni, har kunyar shiga ɗakinsa nake ji.

"Ruwa fa?" Baba ya ce.

"Yadda ka ce, Baba. Sau ɗaya a kwana biyu."

"Je ki tura yatsa cikin ƙasar, har gaɓa biyu."

Ranar ko ɗigo ban ba su ba, amma ina tura yatsa na ji caɓal. Ƙasar har wari take yi. Ina nan tsugune sai ga Inna, matarsa, riƙe da buta, ta nufi bokitin farko.

"Inna! Au, ke ce?"

"Ni ce me, 'yar nan? Na ga sun yi yaushi ne. Safe da yamma nake ɗan ba su."

Autarsu ta leƙo daga ƙofar kicin, ta ce a hankali ita ma takan zuba musu in za ta wuce.

Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Haba Inna! Kwana goma ina hauka a kan tumatirin nan, ashe ku kuke kashe su da ruwa!"

Ta ajiye butar. Ba ta dube ni ba ta ce, "Shi ko cokali uku ba ya iya haɗiyewa. Su dai in na ba su suna sha."

Na rasa inda zan sa kaina.

Da na gaya wa Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara arba'in haka take yi mini da abinci," ya ce. "Ɗauki ƙusa da guduma a akwatina ki ƙara huda gindin bokitan. Kada ki hana ta. Ki koya mata yatsan kawai."

Na huda, ruwa ya yi ta tsiyaya. Biyu ba su tashi ba, saiwarsu ta riga ta ruɓe. Baba ya cika ranar Laraba da hantsi, sauran huɗun ba su farfaɗo ba tukuna. Abin da ke ci mini rai har yau ke nan: ganyen ƙarshe da na kai masa rawaya ne.

Bayan mako guda, da masu ta'aziyya suka ragu, na shiga gidan da safe. Na tarar da Inna tsugune gaban bokitai huɗun da suka rage, sabon toho ya fito kore a saman kowanne. Ta tura yatsa cikin ƙasar, ta daɗe a haka. Sannan ta zare shi ta goge a gefen zaninta, ta ɗauki butar a cike ta koma ɗaki.