Gishirin Lambun Dogo

Ni na fara gani, tun kafin malamin gona ya zo da kwalabensa. Ban taɓa zaman aji ba, amma wanda ya ga fari uku ya tsira, ƙasa ba ta yi masa ɓoyo.

Ranar, Dogo, maƙwabcina na shekara arba'in, yana kwarara wa tumatirinsa ruwa karo na biyu, ganyen kuwa ya langaɓe kamar kunnen tsohon jaki. Na tsuguna na lasa farin ɓawon da ke bakin kunya.

"Dogo, gishiri ne. Rijiyar nan taka ke kawo shi. Ruwa ya bushe ya bar shi, shi kuma ya hana saiwa sha. Ƙafarsu a ruwa, ƙishirwa na kashe su."

"Kai dai baki! Yanzu ƙasa ka koma ci? Ba a ba ka abinci a gida?"

"Bar lambun ya huta, damina ta wanke shi."

"Ka ga alamar zan kai damina?"

Da gaskiyarsa, tari ya riga ya cinye shi. Burinsa ɗaya: ya sake ganin lambun ubansa ya yi ja, kamar lokacin da mata ke layi da kwanduna.

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum ina bakin tabarmarsa, ɗakin duk warin man zafi.

"An ba tumatirina ruwa?"

"An ba su."

Ban gaya masa ba cewa ruwan ba na rijiyarsa ba ne. Daga famfon bakin titi nake turo shi a baro, ni da wannan gwiwar, in malala wa kunya ɗaya har gishirin ya nutse ƙasa. Wane saurayi zai iya?

Kunyar ta farfaɗo. Ran Talata na tsinko masa guda, ɗanye shar, bai fi ƙwan zabo ba. Ya daɗe yana jujjuya shi.

"Ɓarawo! Ka kasa haƙuri ya nuna?"

"Kai ne mai gaggawa, ba ni ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kafin la'asar ya cika, abin na hannunsa.

'Yarsa ta ajiye shi a kan taga. Kwana biyar ke nan, ba wanda ya iya taɓawa. Mai musu ya zo in raka shi ya leƙa. Yana nan shi kaɗai, ya nuna ja wur.