Kwaɗon Baba Thady

"Kwaɗo? Kana kwance rai a hannun Allah, kwaɗo kake nema?"

"Ke dai Nuala, je ki kamo min ɗaya a fadamarku," in ji Baba Thady. "Surutun ya isa."

Haka na fita ina mita, na dawo da kwaɗo cikin gwangwanin madara. Thady maƙwabcinmu ne, tsohon ɗan koli. Shekara arba'in ya yi yana zaga ƙauyukan yankinmu na Mayo da jaki da amalanke, yana sayar da allura da zare da madubi, yana gaya wa manoma ranar da ruwa zai sauka. Tun da rediyo ya shigo gari aka mai da shi abin dariya, kuma na san abin yana ci masa rai.

Makon nan ciyawarmu ta isa yanka, rediyo kuwa ya ce ruwa ba sassauci har kwana bakwai. In muka yanka ruwa ya dake ta, ruɓewa za ta yi, saniyarmu ɗaya tilo ta rasa abin ci da hunturu. In muka jira, ta tsufa ta kwanta.

Thady ya leƙa gwangwanin, ya washe baki. "Rawaya ne shar! Da ruwa na tafe da ya yi baƙi. Ce wa Festy ya wasa lauje. Kwana huɗu na ba shi."

Festy, mijina, ya ce, "Wato in bar rediyo in bi kwaɗo?"

Na ce, "Rediyon naka ya taɓa kwana a ƙarƙashin amalanke?"

Ya yanka. Colman Ruane, sarkin tsokana, ya jingina da katangar dutse yana cewa, "Festy, in ta jiƙe a kira kwaɗon ya shanya maka!"

Sai ga rana, wayyo rana! Kwana uku cur muna juya ciyawa tana ƙamshi.

Safiya ta huɗu na kai wa Thady shayi, na tarar kunkunniya ta zubo daga bututun hayaƙi cikin murhunsa, alamar ruwa a wurinsa. Fada, limamin cocinmu, ya riga ya zo ya yi masa addu'ar ƙarshe, muryar Thady da ƙyar take fita. "Dubi dutsen Nephin ta taga. Ya matso, ko?"

Wallahi kamar in miƙa hannu in taɓa shi.

"To ruwa na tafe, ku tara ciyawar yau, kafin la'asar."

Na ruga fadama ina ihu. Colman ya ɗaga kai ya kalli sama, ko ɗigon gajimare babu. "Wa ya ce?"

"Thady!"

Sai ya tsallako katanga, ya kira 'yan'uwansa biyu. Muna ɗaure tarin ƙarshe aka fara yayyafi.

Colman da kansa ya shiga ɗakin tsohon, hula a hannu. "Baba Thady, gobe fa, yaya za ta kasance?"

"Gobe? Ku tambayi akwatinku!" Ya yi dariya har da tari. Na daɗe ban ga daɗi a fuskar mutum kamar haka ba. Ya rufe ido yana sauraron ruwa a kan rufi, bai sake buɗewa ba.

Na fito in sanar da mutane. A bakin ƙofa ga wani kwaɗo zaune cikin ruwan, baƙi ƙirin.