Kwamfutar Ma'u a Akwatin Katako

Ran da likita ya ce Ma'u ta ajiye aiki ta zauna a gida har sai ta haihu, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne rabuwa da kwamfutar ofishinsu. Shekara huɗu tana buga tafireta a wani kamfanin alewa a Bompai. A farkon 1988 aka kawo musu kwamfuta, akawu biyu suka gwada suka ce ba za su iya ba, ita kuwa ta zauna ta koya har ta ƙware. In an tashi cin abincin rana, takan kunna wani wasa na maciji mai bin ɗigo yana haɗiyewa, yana ƙara tsawo.

Mijinta Uwaisu ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Sharaɗa. Wata rana ya dawo daga aiki ya tarar da ita zaune a tsakar gida, ta kifa faranti a cinya tana ƙwanƙwasa shi da yatsu goma.

"Ma'u, me kike yi haka?"

"Kar hannuna ya manta, Malam," ta ce, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Uwaisu ya gane kewar kwamfuta ce ke damunta. Ya san sabuwar kwamfuta ba ta irinsu ba ce, amma ya san waya, ya san dalma.

Amininsa Inuwa, mai kula da sito a wani kamfanin jima a Challawa, shi ya ba shi labarin wasu kwamfutoci guda biyu da wuta ta ƙona, an jibge su bayan buhunan gishiri. Manajansu ya ce duk mai so ya kwashe, sun tare masa wuri. Uwaisu ya ɗauro su a bayan babur yana murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Da ya buɗe su, sai ya ga ɗaya taransifomarta ce ta ƙone, ɗayar kuma babban allon cikinta ne. Ya ciro mai rai daga wannan ya haɗa da mai rai daga waccan. Gilashin kallo kuma a wani kamfanin roba ya samo shi, bayan ya gyara musu injin famfo. Gwangwanayen jikin kwamfutocin biyu duk gishiri ya cinye su, don haka ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako, da ƴan huji a baya saboda fanka. Harafin K ya ɓalle daga kibod ɗin, ya manna maɓallin riga a gurbinsa.

Sati uku yana wannan aiki a lungun ɗakin gyara na masaƙarsu bayan an tashi. Abu ɗaya ne ya gagare shi. In ya kunna, fanka ta juya, injin ya yi ɗan kuka, sai wani rubutun Turanci da bai gane ba ya fito ya tsaya cak. Ya sake dalma, ya canza waya, ya auna da mita, bai ga laifin komai ba.

Ran wata Asabar bayan azahar ya gaji da ɓoyo. Ya ɗora kayan a tasi ya kawo gida, ya jera su a kan teburin ɗinki.

Ma'u ta dafe ƙirji. "Malam! Ta wa ce wannan?"

"Taki ce. Amma tsaya, kar ki yi murna tukuna. Ta ƙi ƙarasawa."

Ina, ai ba ta ji shi ba. Ta shafa katakon, ta leƙa hujin baya, ta ga maɓallin riga ta ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Ya jona wuta ya kunna. Fanka ta tashi, koren rubutu ya fito ya tsaya.

"Kin gani ko? Nan take tsayawa kullum."

Ta matso da fuskarta ta karanta, sannan ta juyo ta dube shi. "Kwana nawa ka yi kana fama da wannan?"

"Takwas."

"Wayyo Malam! Ai lafiyarta ƙalau. Faifai take nema, cewa take a saka mata."

Ta miƙe da sauri har yana ce mata ta yi a hankali. Ta buɗe kwalla, ta ɗaga zannuwa, ta zaro wasu baƙaƙen faya-fayai guda biyu masu faɗin tafin hannu. Abokiyar aikinta Hadiza ce ta kwafa mata su ran da za ta bar ofis. Ta zura ɗaya a ramin faifai, ta rufe ƴar ƙofar, ta yi bisimilla ta danna.

Injin ya yi gurnani, jar fitila ta kama. Uwaisu ya matso kusa da gilashin. Sai rubutu ya soma zubowa layi-layi.

"Ta tashi!" ya daka tsalle, kansa ya kusa taɓa silin. "Wallahi ta tashi!"

Yatsunta suka hau aiki. Ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe ta nuna masa, sannan ta canza faifai, maciji ya fito yana wutsil-wutsil.

"Zauna ka gwada."

Ya zauna. Kafin ya gane hagu da dama, macijinsa ya daki bango. Ya sake, ya ciji wutsiyarsa. A karo na uku ya haɗiyi ɗigo biyu, ya yi ihu kamar ya ci kofi. Ma'u ta karɓa, nata macijin ya yi ta tsawo har ya kusa cika gilashin, tana yi tana yi masa tsiya.

Ihun nan ne ya jawo maƙwabta. Da aka kira la'asar ya tafi masallaci, kafin ya dawo ɗakin ya cika da mata huɗu, kowacce na cewa layinta ne. Ma'u na zaune a tsakiya tana koya musu inda za su danna. Uwaisu ya ɗauki kwanon abincinsa ya zauna a bakin ƙofa, yana ci yana jiyo shewarsu.

Tun daga ranar takan yi awa guda da safe tana gwajin rubutu, da yamma kuma su kara a wasan maciji ita da shi. Har ta haifi ƴarsu Zainab bai taɓa cinye ta ba.